Bajamushe a Garejin Alhaji Zulkifilu

Duk wanda ya taɓa sallar Juma'a a garin Sterling da ke jihar Virginia ta Amurka ya san Alhaji Zulkifilu, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Direba ne, yana ɗauko manyan baƙi daga filin jirgin Dulles a wata doguwar baƙar mota, amma in ka ji shi yana zuba a bakin masallaci sai ka rantse shi ke ba jiragen izinin sauka. Babu abin da bai sani ba. In ana zancen ciwon suga, saura kaɗan ya zama likita. In ana zancen gini, shi ya taɓa gyara wa wani babban injiniya lissafi daga kujerar direba.

Wata rana ya ɗauko wata Baturiya mai suna Olive, ya kai ta gonarta can bayan Middleburg, inda take kiwon dawakin tsalle. Da suka isa ta zagaya da shi barga. Ta nuna masa wani matashin ingarma, baƙi wuluk, dogo har Alhaji sai ya ɗaga kai kafin ya ga idonsa. Ta ce irin waɗannan in alƙalai suka duba suka amince da su, daga jihohi masu nisa ake neman irinsu don barbara, mai doki yana zaune a inuwa. Kalmar "yana zaune a inuwa" ita kaɗai ta shiga kunnen Alhaji. Kafin wata ya ƙare ya sayar da filinsa na Kano ya saye dokin.

Wanda ya fara shan labari shi ne abokinsa Nasirudeen, mutumin Kumasi mai shagon doya da busasshen kifi.

"Malam Nasiru, daga yau ka daina yi mini kallon direba. Na shiga kiwon ingarma."

"Ei, Alaji! Ingarma kuma? Kai da kyanwa ta kore ka daga bakin bola?"

"Wannan ba kyanwa ba ce, wata dabba ce ta Amurka mai hannu irin na mutane. Kuma ba gudu na yi ba, sauri nake. Ka ga doki? A jinina yake. Kakana in ya yi tari, dawakin unguwa gaba ɗaya sai sun nutsu."

"To kai ka taɓa hawa?"

"Hawa ai aikin yara ne. Ni ilimin abin gare ni. Wannan da na saya ana ce musu wombulod, wato masu ɗumin jini. Asalin kakanninsa Jamus. Har na raɗa masa suna Bajamushe. Matar ma cewa ta yi in bar shi a gonarta su horar da shi. Ni! Ni za a horar wa doki!"

"A ina za ka ajiye shi?"

"Ina da gareji, ko ba ni da shi?"

Nasirudeen ya ajiye doyar da ke hannunsa a hankali, ya ce, "Madam ta sani?"

"Mamaki zan ba ta."

Ya kuwa ba ta. Hajiya Sa'adiya ma'aikaciyar jinya ce. Ta taso daga asibiti da la'asar a gajiye, ta karyo kwanar layinsu na gidaje masu manne da juna, ta danna maɓallin buɗe gareji yadda ta saba. Ƙofa ta fara ɗagawa. Ta ga kofato huɗu. Ta ga dogayen ƙafafu. Ta ga ƙirji kamar firiji. Daga ƙarshe wani dogon kai ya sunkuyo ya leƙo ta ta gilashin mota, ya busa mata numfashi har gilashin ya yi hazo.

Ta kashe mota. Sannan ta sauke gilashi.

"Baban Afnan! Mene ne wannan a wurin ajiye motata?"

Alhaji ya fito daga bayan dokin da bokiti, yana murmushi har kunne. "Arzikinmu ne, Maman Afnan. Ki gaishe shi."

"In gaishe shi? A ina zan ajiye mota?"

"Mota ai ba ta haihuwa. Wannan kuwa nan da shekara biyu 'ya'yansa sun cika Virginia."

"Shi ma ba ya haihuwa, namiji ne!"

"To ai abin da ya sa nake son zama da mai ilimin asibiti ke nan," in ji Alhaji. "Kin gane da wuri."

Matsalar farko ita ce ɗumin jini. Alhaji ya zauna ya yi tunani, ya gano cewa dabbar da aka ce jininta ɗumi gare shi ba a barin jinin ya huce. Sanyin kaka ya fara shigowa, don haka ya jona hita biyu a gareji, ya toshe duk wata kafa da tsumma, ya ɗauko babban bargon da Hajiya ta sayo a Madina ya lulluɓe Bajamushe da shi. Doki ya yi ta zufa kamar mai dakan sakwara. Abin da doki ke ajiyewa a ƙasa kuwa, da zafi ya ratsa shi, sai ya tashi ya bi bututun iska ya shiga falo, ya hau bene, ya zauna cikin kayan sawa. Ran nan a asibiti wani tsoho marar lafiya ya riƙe hannun Hajiya, idonsa ya ciko da ƙwalla, ya ce ta tuna masa da gonar mahaifinsa.

Da ta dawo ta zare wayoyin hitar da hannunta.

"Za ki daskarar masa da jini!"

"Ni ma jinina ɗumi gare shi, Baban Afnan. Kai ma haka. Akuya ma haka. Ka taɓa ganin an jona wa akuya hita?"

"Akuya ba Bajamushiya ba ce."

Matsala ta biyu ita ce yare. Alhaji ya ce wa doki "tsaya" da Hausa, doki bai tsaya ba. Ya faɗa da Turanci, doki ya taka masa ƙafa. Nan take Alhaji ya gane inda gizo... a'a, ya gane cewa laifin nasa ne: yaya za a yi wa Bajamushe magana da yaren da ba na iyayensa ba? Ya buɗe waya ya koyi kalma uku. Kullum da safe sai ya buɗe ƙofar gareji ya ƙame kamar soja, ya yi masa ina kwana da Jamusanci.

"Gutin morgin!"

Bajamushe ya miƙo wuya ya cire masa hula, ya tauna ta a nutse, ya tofar.

"Ka gani?" Alhaji ya ce wa Nasirudeen, wanda ya zo kallo. "Ya ji yaren gida, daɗi ya kama shi."

"Chale, abokina, in ka ƙara kalma ɗaya, kan zai cinye."

Ana nan sai ga Edna, maƙwabciyarsu ta jikin bango. Tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya, kuma ita ce shugabar kwamitin unguwa, masu auna tsawon ciyawar ƙofar gida da duba launin fentin taga. Ta ƙwanƙwasa, Alhaji ya fito ya ja ƙofa ya tsaya a gaban gareji ya baje kafaɗu.

Ta ce da Turanci, "Mista Zul, ina jin wani sauti daga gidanka. Kamar haniniya."

"Injin wanki ne, madam. Ya tsufa."

Bajamushe ya zabga haniniyar da ta sa karnukan layi uku suka amsa.

"Yana ɗauraya ke nan," in ji Alhaji.

Sai ji kake dum! Ƙofar gareji ta kumburo waje, da shatin kofato ɓaro-ɓaro.

"Wannan kuma matsewa yake."

Edna ta gyara tabarau ta matso don ta duba shatin da kyau. A saman ƙofar akwai wata 'yar taga da Alhaji ya cire wa gilashi bayan rigimar hita. Ta nan baƙin kai ya zuro, ya sunkuyo, ya ɗauke malafar da ke kan Edna da furanninta na roba, ya koma ciki da ita.

Edna ta shafa kanta. Ta dubi Alhaji.

"Injin wankinka ya ɗauke mini hula."

"Zai wanke ta ne, madam."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce in wata ya ƙare dokin nan yana layin, da jami'an ƙaramar hukuma za ta dawo, kuma ba dokin kaɗai za su tambaya ba.

Hajiya da ke jin komai daga taga ta ce, "To, ka ji. Gidan ma so kake mu rasa."

"Ki kwantar da hankalinki. Ranar Asabar ta ƙarshen wata alƙalai za su zo daga Jamus duba matasan ingarmu. Da sun gan shi, magana ta ƙare. Edna da kanta za ta zo neman hoto da shi."

Saura horon tsalle. Bayan gidan Alhaji bai fi shimfiɗar tabarma shida ba, an kewaye shi da katangar katako. Ya jera kujeru biyu, ya gitta teburin gugar Hajiya a kansu. Nasirudeen ya riƙe igiyar ragama yana karanta duk addu'ar da ya sani.

"Bajamushe, hop!" in ji Alhaji.

Bajamushe ya shinshina teburin guga ya fara cin rigar teburin.

"Bai gane ba ne. Dabba da ido take koyo. Riƙe shi ya kalle ni."

Alhaji ya ja da baya har jikin katanga, ya tattare wando, ya sheƙo. Ƙafar dama ta haye. Ta hagu ta ce ba da ita ba. Teburi ya naɗe da shi a ciki, kujeru suka bi, wando ya yi wata ƙara mai tsawo daga gaba har baya. Doki ya tsaya yana kallo, yana tauna.

"Alaji, ina ga ya koya," in ji Nasirudeen. "Ya koyi abin da ba zai yi ba."

"Da gangan na yi, don ya ga illar rashin ɗaga ƙafa. Yanzu abin da ya rage a zaburar da shi."

Ya shiga gida ya fito da lema. Ya zagaya bayan doki, ya saita, ya danna. Lema ta buɗe fau! Abin da Nasirudeen ya sani kawai shi ne igiya ta bar hannunsa da zafi. Bajamushe ya tashi sama, bai ko kalli teburin guga ba, ya haye katangar katako gaba ɗaya kamar tsuntsu, ya dira a lambun Edna. Lokacin bikin nan ne da yaran Amurka ke shigar dodanni suna bi gida gida karɓar alewa, Edna ta jera kabewa a kan matakala, ta fafe su ta yi musu idanu da haƙora. Bajamushe ya cinye biyu, ya zura baki a ta uku ta maƙale. Haka ya fito titi yana kilisa da kabewa mai dariya a hanci, yaran unguwa na bin sa suna tafi, suna cewa duk bana ba wanda ya kai shi iya shiga.

Alhaji ya biyo baya, hannu ɗaya riƙe da wando, yana haki.

"Malam Nasiru, ka ga tsalle? Ka ga tsalle? Horona ne!"

Daga ranar babu wanda ya huta. Ya gayyaci jama'ar masallaci, ya gayyaci 'yan ƙungiyar Arewa na Springfield da Largo, ya ce kowa ya zo ya ga ranar da Bahaushe zai koya wa Jamusawa doki. Ranar Asabar kuwa aka yi jerin gwanon motoci zuwa gonar da za a yi taron, mata da kulolin dafa-duka, likitoci da injiniyoyi da hulunansu, kowa ya zo ganin abin da zai faru, ko da yake ba abu ɗaya suke tsammani da Alhaji ba.

Wurin wata makekiyar rumfa ce mai yashi a ƙasa. Masu riƙe dawaki duk matasa ne, da fararen wanduna da takalman gudu. Alhaji ya fito daga mota cikin babbar riga ta shadda ruwan sararin sama, ta sha sitaci har tana tsayuwa da kanta, da takalmi sau-ciki mai santsi.

"Baban Afnan, wai gudu fa aka ce ana yi da dokin," in ji Hajiya.

"Waɗancan yaran aiki ne. Mai doki dole a gane shi daga nesa."

Shugabar alƙalan wata tsohuwar Bajamushiya ce mai gajeren farin gashi. Alhaji ya ja Bajamushe har gabanta, ya ƙame.

"Gutin morgin!"

Fuskar tsohuwa ta washe. Ta saki Jamusanci kamar an buɗe famfo. Duk inda ta ja numfashi Alhaji sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ya! Ya, ya!" Jama'arsa suka fara kallon juna, wasu har sun fara tunanin ko sun zalunci mutumin nan a zuciya.

Olive, wadda ta sayar masa da dokin, tana wurin da nata dawakin. Ta matso ta raɗa masa da Turanci, "Ka san abin da ka amsa?"

"Gaisuwa muka yi."

"Ta tambaye ka ko kai da kanka za ka gudu da shi, ka ce e. Ta tambaye ka ko ka saba, ka ce e. Ta tambaye ka ko za ka iya gudu cikin wannan tantin da ka saka, ka ce e. Ga yarona can, bari ya karɓa maka."

Alhaji ya waiwaya. Mutanen Sterling da Springfield da Largo duk sun ɗaga wayoyi.

"Madam, ki koma gefe kada ƙura ta same ki."

Ya naɗe igiya a hannu, ya naɗe ta kuma har da hannun riga, don kada a maimaita abin da ya sami Nasirudeen. Aka ba da alama. Taku na farko lafiya. Bajamushe ya ɗaga wuya yana sassarfa kamar ba ya taɓa ƙasa, alƙalai suka fara gyaɗa kai. Alhaji ya ga haka ya ƙara wuta. Iska ta shiga babbar riga ta ƙasa, ta cika ta, ta buɗe fau a gefen idon doki.

Bajamushe ya san wannan ƙarar. Ya zabura.

A jikin bangon rumfar an riga an jera shinge uku a layi, kowanne ya fi na gabansa tsawo, an tanade su don gwajin tsalle na yamma, wanda doki ke yi shi kaɗai ba mutum. Nan Bajamushe ya nufa, Alhaji na biye, ƙafafunsa na taɓa ƙasa jefi-jefi.

"Halt! Halt! Tsaya! Don Allah tsaya!"

Shinge na farko, doki ya tashi, Alhaji ya tashi, riga ta ɗauke shi, suka dira tare. Mutanen Largo suka yi kabbara. Shinge na biyu, doki ya haye, Alhaji ya tafi da sandar a tsakanin ƙafafu, takalmi ɗaya ya tashi ya faɗa cikin kofin shayin alƙali na uku. Shinge na uku, doki ya bi ta sama, Alhaji ya bi ta ƙasa. Babbar riga ta maƙale a jikin ƙarfe ta tsaya nan a tsaye, sitaci ya riƙe ta, kamar mai ita yana ciki yana jiran a gaishe shi. Mai ita kuwa ya wuce da singileti, a kan ciki, yana share yashi har bakin ƙofa.

A bakin ƙofar aka ɗaure wata tsohuwar goɗiya, irin 'yan gajerun nan da ake ajiye wa yara, ba ta fi ragon layya girma ba. Tana tsaye tana gyangyaɗi. Bajamushe ya ci birki. Ya lanƙwasa wuya, ya ɗaga wutsiya, ya saki haniniya mai kauri, ya fara takawa ɗaya ɗaya.

Alhaji ya ɗago kai, ya tofar da yashi. Ko a kwance bai rasa murya ba.

"Jama'a ku shaida! Aiki ya fara! Ingarma ke nan! Ku ɗauki hoto!"

Tsohuwar goɗiya ta buɗe ido ɗaya. Ta kwantar da kunnuwa, ta juya baya ba gaggawa, ta sakar masa kofato biyu a ƙirji, ta koma gyangyaɗinta.

Bajamushe ya yi wata 'yar ƙara irin ta ɗan kwikwiyo. Ya juyo a guje, ya zagaya bayan Alhaji da ya samu ya miƙe, ya cusa ƙaton kansa a hammatarsa yana karkarwa, yana leƙen goɗiyar ta ƙarƙashin hannu.

Rumfa ta fashe. Wani likitan zuciya daga Springfield ya zauna daɓas a yashi yana riƙe ciki. Nasirudeen ya rungume ginshiƙi yana cewa, "Ei! Ei! Uban dawakin Virginia!" Hajiya Sa'adiya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ba wanda ya iya cewa kuka take ko dariya.

Tsohuwar alƙaliya ta tako har inda suke, ta share ido, ta yi magana da Turanci tsaf. Ta ce dokin yana da tsalle mai kyau ƙwarai, amma yaro ne, bai san komai ba, bana bai ci ba. A kai shi wurin masu horo, a dawo da shi baɗi.

"Da wani mutum daban," ta ƙara.

Alhaji ya buɗe baki zai ce "ya". Hajiya ta riga shi. Ta zare igiyar daga hannunsa ta danƙa wa Olive, ta ce a tafi da shi gona yau ɗin nan, in ana so har da mai shi.

Washegari da hantsi Alhaji na kwance a kujerar falo, an shafe shi da man zafi tun daga wuya har idon sawu, wayarsa ta yi ƙara. Mahaifiyarsa ce daga Kano. Bidiyon ya riga ya zagaya dangi har ya dawo. Hajiya Sa'adiya ta danna masa lasifika ta ajiye a ƙirjinsa, ta tsaya.

"Zulkifilu, me nake gani a wayar yaran nan? Aikin da kake yi a Amurka ke nan, doki na jan ka a ƙasa ba riga?"

Alhaji ya yi gyaran murya, ya ɗan ɗago duk da ciwon haƙarƙari.

"Ina kwana, Hajiya. Ai gasa ce ta ƙasa da ƙasa, har alƙalai daga Jamus. Tseren tsallake shinge. Ni na zo na biyu."

"To madalla. Ku nawa kuka yi tseren?"

Alhaji ya dubi matarsa. Matarsa ta dubi silin.

"Hajiya? Hajiya, kina ji na? Kai, layin nan na Najeriya!"